Mun Kai Kabad Gajimare, Gara Ta Biyo Mu

Daren Laraba maƙwabcinmu Sakatare ya iso majalisa a makare, idanu jawur, ko gaisuwar kirki bai yi ba ya zube kan benci ya ce wa mai shayi a haɗo masa mai kauri. Muka ce lafiya dai? Ya ce ina fa lafiya, yau kwana uku odita na zaune a ofishinsu. Takarda ɗaya tak ya nema, yarjejeniyar wata kwangila ta shekara uku da suka wuce, amma duk ofishin an rasa mai fito da ita.

Baba Akawu, wanda ya shafe shekara talatin da biyar a rajista kafin ya yi ritaya, ya gyara zama ya ce, "To ai ku kuka ce mana kun daina takarda. Ba kai ne ka zo nan kana cika baki wai kun kai komai sama ba?"

"Baba, wallahi tana can saman," in ji Sakatare. "Da ɓacewa ta yi ma da sauƙi. Guda goma sha ɗaya muka tarar, mun kasa gane wadda aka sa wa hannu."

Majalisa ta kwashe da dariya, irin dariyar da mai ƙaiƙayi ke yi wa mai susa. Duk wanda ke zaune a wurin, in dai yana taɓa aikin ofis, ya san halinmu ne aka zayyana.

Alhajin Bene, da yake ɗan kasuwa ne, ya ce shi fa a fara yi masa bayani, wane irin sama ake kai takarda? Sai Injiniya, yaron unguwarmu mai gyaran kwamfuta, ya ce, "Alhaji, suna ne kawai. Gajimaren nan da kake ji, manyan kwamfutoci ne jibge a wani gini da ba a ɗauke masa wuta. Kamfani irin Google ko Microsoft ne ke da ginin, ku kuma ku biya haya, ku ajiye takardunku, ku riƙa buɗewa ta intanet daga ko'ina. Mutum biyar ma sai su yi rubutu a takarda ɗaya lokaci guda, wani yana Kano wani yana Abuja. Microsoft ya buɗe irin waɗannan gine-gine a Afirka ta Kudu tun 2019, a Johannesburg da Cape Town."

Alhaji ya ce, "Au, ka ce sito na haya. To ai ni ma ina da shi a Kwari. Kuma in ban da maigadi da littafin shiga da fita, da tuni yara sun ƙarar da ni."

Maganar Alhaji ke nan, kuma a nan gizo ke saƙar. Mun kama siton, mun biya haya, mun jibga kaya, amma littafin shiga da fita muka bari a ƙasa.

Ku dubi yadda muke raɗa wa fayil suna. Na farko "Rahoto". Oga ya yi gyara, ya koma "Rahoto sabo". Gobe "Rahoto na ƙarshe". Jibi "Rahoto na ƙarshe 2". Mako ya zagayo, ga "Rahoto na ƙarshe na gaske", ga "Wanda Oga ya gani", ga kuma "Kada a taɓa wannan". Alhali manhajar da kanta tana ajiye tarihin kowane gyara a cikin fayil guda, ta nuna maka wanda ya canja kalma da ranar da ya canja, ka koma na jiya ko na watan jiya in kana so. Mu dai ba mu yarda da ita ba. Sai mun sauke fayil ɗin a waya, mun gyara, mun tura wa abokin aiki ta WhatsApp, shi ma ya gyara ya sake ɗorawa sama da sabon suna. Haka takarda ɗaya ke haihuwar 'ya'ya goma, kowanne yana cewa shi ne magaji.

Sai batun mabuɗi. Ofis mai mutum goma sha biyu, kalmar sirri ɗaya. Kuma kowa ya san ta: sunan autan Oga, a ƙara 123. An rubuta ta a 'yar takarda an manna a jikin allon kwamfutar sakatariya don kada a manta. Direba ya sani, masinja ya sani, wanda aka sallama bara ma har yanzu ya sani. Ranar da aka ce wa ya goge fayil ɗin albashi, sai a duba rajistar manhaja a ga sunan ofis ne ya goge. Wato kowa ne, wato ba kowa. Injiniya ya ce abin haushin shi ne, manhajar nan babu magulmaciya irinta, tana rubuta wanda ya buɗe, wanda ya sauke, wanda ya tura wa na waje, da ƙarfe nawa. Amma in duk gida sun sa riga iri ɗaya sun rufe fuska, ko magulmaci sai ya rasa sunan da zai kira.

Ga kuma karamcinmu na gado. Wani ya ce fayil ya ƙi buɗe masa, maimakon a ƙara sunansa shi kaɗai, sai a danna wurin nan da ke cewa duk mai linki ya shiga. An huta da ƙorafi. Linkin nan zai faɗa guruf ɗin ofis, daga can ya tsallaka guruf ɗin tsofaffin ɗalibai, kafin ka ankara jerin sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu na banki yana hannun wanda ko ƙofar ofishin bai sani ba. A gida muna sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo biyu. A gajimare kuwa zaure muke buɗewa mu shimfiɗa tabarma.

Malam na Islamiyya, wanda shi ke riƙe da lissafin makarantar unguwa, ya yi gyaran murya ya ce shi nasa ciwon ɗan bautar ƙasa ne. An kawo musu wani yaro mai hazaƙa, ya ce a daina wahala da rijista ta hannu, ya buɗe musu folda a Google Drive, ya jera sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawa tsaf. Kowa ya sa masa albarka. Shekara ta cika, yaro ya karɓi takardar sallama ya koma garinsu. Sai da aka zo neman sakamakon wata yarinya aka gane ashe da imel ɗinsa na kansa ya buɗe foldar. Makaranta baƙuwa ce a cikin kayanta. Lambar wayarsa kuma ta daina shiga.

Injiniya ya kama kai ya ce, "Malam, ku nemo shi da wuri. Google ya sanar cewa asusun mutum na kansa in ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, yana iya share shi da duk abin da ke ciki, kuma tun Disambar 2023 dokar ta fara aiki. Kuma na kyautan nan gigabait 15 ne kacal, da imel da hotuna da fayiloli duk a ciki. In ya cika da hotunan bikinsa, shi ke nan."

Malam ya ce innalillahi, ya ciro waya ya fara laluben lambar wani abokin yaron.

Amma babban sarkin ofisoshinmu, kowa ya sani, WhatsApp ne. An biya kuɗin manhajar aiki da dala, an yi bita ta kwana biyu a otal an ci shinkafa da kaza, amma ranar da za a yanke hukunci sai Oga ya aiko saƙon murya daga cikin mota: "Eh, na gani, a ci gaba kawai." Wannan "a ci gaba kawai" ita ce amincewar kashe miliyoyi. Ba ta cikin fayil, tana cikin wayar akanta. Wayar ta faɗa ruwa, ko an fizge ta a Adaidaita, amincewa ta bi ta. Wani Ogan ma wayo gare shi, ya kunna saƙon nan mai gogewa da kansa, na awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, ranar bincike ya ce shi bai tuna ya faɗa ba. Akanta ya rantse, Oga ya rantse, odita kuma ba rantsuwa ya zo karɓa ba.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne da wannan hali. A Amurka, a Disambar 2021, hukumomin da ke sa ido kan kasuwar hannayen jari sun ci bankin JPMorgan tarar dala miliyan 200, saboda ma'aikatansa suna maganar aiki ta WhatsApp da wayoyinsu na kansu, inda bankin ba ya iya ajiye saƙonnin kamar yadda doka ta ce. A Satumbar 2022 aka sake haɗa wasu kamfanoni goma sha shida, hukuma ɗaya kawai ta karɓi sama da dala biliyan ɗaya. Laifin da aka kama su da shi rashin ajiye zance ne kurum. A Ingila ma, da ake binciken yadda gwamnati ta tafiyar da annobar korona, tsohon Firayim Minista Boris Johnson ya sha tambayoyi a 2023 kan dubban saƙonnin WhatsApp da aka nema a wayarsa aka rasa. Alhajin Bene ya ce to ashe Bature ma yana "wayata ce ta samu matsala". Muka ce yana yi mana, bambancin dai can tara ake ci mai zafi.

Daga nan Lauya, wanda tun ɗazu yake kurɓar shayinsa shiru, ya ajiye kofi ya ce, "Ku daina cewa can. Nan ma doka ta iso, ku ne dai ba ku karanta ba."

Ya fara lissafo mana da yatsu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce kamfani ya ajiye takardun lissafin kuɗinsa shekara shida. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumar gwamnati kwana bakwai ta amsa wa mai neman takarda, to wanda ya yi kwana uku yana neman fayil ɗinsa na kansa, yaushe zai amsa wa wani? Dokar shaida ta 2011, sashe na 84, ta yarda a kawo abin da aka ciro daga kwamfuta gaban alƙali, amma sai an nuna cewa na'urar tana aiki daidai kuma ta hanyar da aka saba aka samar da shi. Hoton allo da aka tura hannu biyar kafin ya iso, lauyan ɗaya ɓangaren zai yi wasan kura da shi. Sannan ga dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, har da hukuma tata. In bayanan mutane suka fita daga hannunka ta hanyar da za ta iya cutar da su, awa 72 gare ka ka sanar da hukumar. Manyan masu riƙe bayanai kuwa, tararsu na iya kai wa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Sakatare ya ce, "To ai mu ba ma zubar da komai, Barista. Duk abin da ya shigo yana nan."

Lauya ya ce, "Wannan ma laifi ne, yallaɓai."

Nan fa majalisa ta rikice. Mu da aka rene mu da ajiya maganin wata rana, a ce ajiya laifi ce? Gidajenmu cike suke da kwalayen rediyon da ya mutu tun zamanin soja, da ledar da aka wanke aka ninke. Haka muka ɗauki halin muka hau da shi sama. An yi tallar gurbi biyu shekara takwas da suka wuce, mutum ɗari huɗu suka turo takardu, da hoton katin ɗan ƙasa da lambar waya da adireshin gida. An ɗauki biyu. Sauran suna nan a folda har yau, kuma foldar ce mai linkin kowa-ya-shiga. Lauya ya ce dokar ta hana ka riƙe bayanin mutum fiye da lokacin da buƙatar da ka karɓe shi dominta ta ƙare. Amanar wani ce a hannunka, in aikinta ya ƙare ka sauke ta.

Baba Akawu ya yi murmushi ya ce a zamaninsu ma akwai masu wannan sakacin, sai dai su mai ƙosai ce ke tona musu asiri. Ka sayi ƙosan asuba, ka buɗe ƙunshi, ka ga takardar neman aikin ɗan maƙwabcinka da hotonsa ya jiƙe da mai. "Amma mai ƙosai unguwa ɗaya take sayarwa," in ji shi. "Naku kuwa duniya ce ke cin ƙosan."

Abin mamaki, mu ɗin da ba ma zubar da shara, mu ne kuma gwanayen gogewa ranar da bai kamata ba. Da an ji ƙishin-ƙishin ɗin bincike, sai hannu ya fara rawa, a shiga share-share da tsakar dare. Injiniya ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce wanda ya goge fayil a gajimare yana zaton ya binne gawa, bai san da likkafani mai suna ya binne ta ba. A Google Drive abin da ka jefa kwandon shara yana nan kwana 30. A SharePoint na Microsoft kwana 93. In kuwa mai kula da asusun ofis ya ɗora abin da suke kira riƙon shari'a, ta Google Vault ko Microsoft Purview, to ka goge sau ɗari, a idonka ne kawai ya ɓace, kwafinsa na nan a ɓoye, ga kuma rajista ta rubuta cewa wane ne ya goge da ƙarfe biyu na dare. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wani daga ƙarshen benci ya ce to ashe zamanin dabbobi ya wuce. Aka ce wane dabbobi? Ya ce kun manta a 2018 da aka ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin JAMB na Makurɗi? Kun manta a 2022 da aka shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa gara ta cinye takardun kashe kuɗi na sama da naira biliyan 17 na hukumar inshorar ma'aikata? Majalisa ta sake ɓarkewa. Alhajin Bene ya ce shi dai tausayin gara yake ji, yanzu da aka kai takardu sama ko me za ta ci? Baba Akawu ya ce, "Kada ka ji tausayinta, Alhaji. Ta yi wa kanta imel ta bi su. Garar yanzu hula take sawa, tana karɓar albashi."

Malam ya tambaya, to shi gajimaren ba ya cin amana ne? Injiniya ya ce gini ne, kuma gini yana ƙonewa. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cibiyoyin kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka yi asarar kayansu. Amma ya ce a iya abin da ya gani a shagonsa, kafin gobara ta ci fayil ɗaya, mantuwar biyan haya da korar ma'aikaci sun ci ɗari. A sallami mutum yau, gobe a rufe asusunsa don a rage kuɗin wata, babu wanda ya tuna cewa rabin takardun ofis a ƙarƙashin sunansa suke. A OneDrive, in ba a canja saiti ba, kwana 30 ake jira kafin kayan wanda aka goge asusunsa su kama hanyar shara. Mu kuma sai bayan wata shida muke tunawa.

Sai Baba Akawu ya karɓe zancen, kuma in ya fara ba a katse shi. Ya ce a rajistarsu kowane fayil da lambarsa, kowace takarda a ciki da lambar shafinta, in ka zare ɗaya giɓin zai nuna. Fayil ba ya fita sai an rubuta a kati wa ya ɗauka, yaushe, zuwa teburin wa. Akwai rajistar fili, akwai ta sirri mai jan tambari, wadda masinja ma a rufe yake ɗaukarta. Oga ba ya cewa "a ci gaba" da baki, sai ya rubuta a takardar minti ya sa hannu da kwanan wata. In fayil ya cika a rufe shi, a buɗe juzu'i na biyu. In ya tsufa a zauna a tantance: wannan a ƙona, wannan a kai ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Ya ce shi ya sa har gobe ɗalibi zai je Kaduna ya nemi rahoton da wani Di'o ya rubuta kan harajin gunduma tun kafin a haifi ubansa, a ɗauko masa. "Ku kuwa takardar shekara uku ta gagare ku, da na'urarku da komai."

Injiniya ya ce, "Baba, duk abin da ka lissafa yana cikin manhajar nan. Katin fita shi ne rajistar shiga. Jan tambari shi ne alamar sirri da ake liƙa wa fayil. Tantancewar ƙonawa ita ce dokar riƙo, ka ce wannan folda shekara shida, waccan wata shida, lokaci ya yi ta goge da kanta ko ta tambaye ka. Har kulle takarda ana yi, a ce wannan ita ce ta ƙarshe, ba mai ƙara wasali."

Baba ya ce, "To me ya hana ku?"

Shiru. Mai shayi ne ya amsa daga bayan tukunya: "Babu wanda aka ce aikinsa ne."

Gaskiyar ke nan, kuma daga bakin da ba a zata ba. Da muka sayi manhaja sai muka ɗauka mun sayi akawu. Muka rufe rajista, muka mai da ɗakin sito, muka ce wa yaron kwamfuta ya riƙa lura. Shi kuwa yaron kwamfuta aikinsa intanet ta kawo, firinta ta buga. Bai san wace takarda doka ta ce a riƙe shekara shida ba, kuma ba wanda ya gaya masa. Malam ya ƙara da cewa abin kunya ne a ce sai Bature ya koya mana wannan, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Muna karanta ta a tafsirin azumi, mu fito mu ba da kwangila da saƙon murya.

Kafin a tashi, Baba Akawu ya sa Sakatare ya ɗauko biro ya rubuta a bayan kwalin sukari. Kowa da asusunsa da kalmar sirrinsa, kuma asusun na ofis ne. Takarda ɗaya, wuri ɗaya, suna mai kwanan wata. Duk hukuncin da aka yanke a WhatsApp a mayar da shi rubutu a fayil kafin rana ta faɗi. Kafin a sallami ma'aikaci a karɓi kayan ofis da ke asusunsa, kamar yadda ake karɓar makullin mota. A rubuta wa kowace folda wa'adinta. Sannan a naɗa mutum ɗaya, da sunansa, wanda in takarda ta ɓace shi za a kira.

Sakatare ya karanta ya ce zai kai wa Oga da safe. Aka ce ta yaya? Ya ce zai ɗauki hotonsa ya tura masa a WhatsApp. Baba Akawu ya ɗauki sandarsa ya ce sai da safenku, hali zanen dutse.

Takardar kwangilar dai an same ta ranar Juma'a. Ba ta cikin goma sha ɗayan nan. Tana cikin durowar tsohon akanta, a ambulan, da sa hannu da hatimi, ba wanda ya taɓa ɗora ta sama. Don haka jama'a, wanda ke da ofis ko makaranta ko ƙungiya, gobe in ya je ya tambayi abu ɗaya: da sunan wa aka buɗe foldarmu, kuma su wa ke da mabuɗinta? Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma odita ba ya aiko da sanarwa a guruf.